Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin ilimi na jihar Damagaram: a koya wa ɗalibai kare kansu a waya da intanet

Zuwa ga mai girma Daraktan Ilimi na jihar Damagaram, da sufetocin firamare da na sakandare, da shugabannin makarantu, da kwamitocin COGES masu kula da tafiyar da makarantu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ranku ya daɗe, mu da muka rubuto wannan takarda, wasunmu malaman kolej ne da lise, wasu masu gyaran waya ne a kasuwar Dole da Sabon Gari, wasu kuma iyaye mata ne da ke bibiyar karatun ƴaƴa. Buƙatarmu guda ce. A shigar da darasin kare kai da kyautata mu'amala a waya da intanet cikin karatun yara, tun daga ajin CM1 har ajin ƙarshe na lise, kuma kada a ce sai an gina ɗakin kwamfuta. Darasin da muke nufi allo da alli sun ishe shi, sai waya huɗu ko biyar na malamai.

Hana shiga aji da waya daidai ne, ba mu ja ba. Sai dai hanin a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa. Yaron da ba shi da waya yana ɗaukar ta mahaifiyarsa bayan isha'i, ko ya ari ta yayansa a fada, wurin zaman hirar samari. Facebook da TikTok da WhatsApp duk sun rubuta cewa sai mai shekara 13, amma yaro sauya shekarar haihuwa kawai yake yi ya wuce. Layin da ke cikin wayar ma sau da yawa da sunan kawu ko maƙwabci aka yi masa rajista. Inda ake koyar da kwamfuta kuwa, buga rubutu da adana fayil ake koyarwa, abin da yake da amfani amma ba ya taɓa inda matsalar take.

A fara da lambobi shida na WhatsApp, domin nan aka fi yi wa yara da iyayensu sata. Ga yadda abin yake tafiya. Ɓarawo ya buɗe WhatsApp a wayarsa ya shigar da lambar yaron. Kamfanin ya aiko da lambobi shida ta SMS zuwa layin yaron, tunda shi ne mai layin. Nan take ɓarawon ya kira ko ya rubuto, galibi daga asusun wani aboki da ya riga ya sace, ya ce ya turo lamba bisa kuskure, ko kuma za a sa yaron a wani gurup na taro, ya karanto masa abin da ya shigo. Da yaron ya karanta, WhatsApp ɗinsa ya rufe, ya buɗe a hannun ɓarawo. Daga nan sai roƙon kuɗi ga ƴan uwa da sunan yaron, da neman lambobi shida na duk wanda ke gurup ɗin ajinsu. Abin da ya sa dabarar take ci shi ne saƙon da sunan wanda aka sani da hotonsa yake zuwa, kuma kullum da gaggawa. Ƙa'idar da za a rubuta a allo ita ce: lambar da ta shigo ta SMS ba a faɗa wa kowa, ko da malami ne, ko wanda ya ce daga kamfanin layi yake.

Faɗar ƙa'ida ba ta isa ba sai an haɗa da aikin hannu. Malami ya raba aji rukuni biyar, kowane rukuni da waya guda, su shiga saiti, su shiga asusu, su kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato wata lambar sirri shida da mutum ya zaɓa da kansa. Da ita, ko ɓarawo ya samu lambar SMS ba zai shiga ba. Kuskure biyu ake yi a nan. Na ɗaya, zaɓar 123456 ko ranar haihuwa. Na biyu, ƙin saka adireshin imel, wanda idan an manta lambar sai an jira kwana 7. Wanda aka riga aka sace wa asusu kuma, ya sake shigar da lambarsa a WhatsApp, ya karɓi sabuwar lambar SMS, hakan yana fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, kwana 7 ɗin nan za a jira, a cikinsu kuwa a kira ƴan uwa da baki a sanar da su kada su tura ko dala. A nuna musu har ila yau wurin da aka rubuta «Appareils connectés», wato jerin na'urorin da aka haɗa da asusun. Wanda ya ari waya minti ɗaya a fada zai iya haɗa asusun da tasa na'urar, ya riƙa karanta duk saƙon da ya shigo ba tare da mai wayar ya lura ba. Duk na'urar da ba a sani ba a jerin nan a cire ta.

Kuɗin waya ma haka. Yara ne ake aika su cire kuɗi a Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, su ne kuma ke karanta wa tsofaffi saƙon Nita da Amana. Mayaudari yana turo SMS mai kama da na kamfani cewa jika ashirin sun shigo, sai ya kira yana marairaicewa wai kuskure ya yi a mayar masa. Kada a duba saƙon, a duba abin da ke cikin asusun ta hanyar da kamfanin ya tanada. Saƙon ƙarya galibi daga lambar mutum mai alƙalami takwas yake fitowa, ba daga sunan kamfani ba.

Akwai ɓangaren da takardun wayar da kai da ake kawowa daga waje ba sa taɓawa, domin ba irin rayuwarmu aka duba aka rubuta su ba. A nan mutum ya sayi Tecno ko Itel, mai shago ne zai buɗe masa asusun Google da na Facebook, shi ne ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar mai saye ce kawai. Mai wayar bai san kalmar ba, mai shago ya sani. A koya wa ɗalibi ya sauya ta a ranar, ya rubuta a takarda ya ajiye a gida, ba a bayan wayar ba. Ana ɗauke wuta, ana kai waya wurin masu caji ta kwana. Ana kai katin memori wurin masu tura waƙa da fim, a soka shi a kwamfutar da ta ga kati ɗari. Ana kai waya gyara a faɗi lambar buɗe ta. Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne, amma mutum ɗaya mai kwashe hotuna ya isa ya ɓata gida. Don haka kafin a miƙa waya a cire layi da katin memori, a kulle fuskarta, in gyaran yana buƙatar buɗe ta a tsaya a wurin. Wanda zai sayar da waya ya fara cire asusun Google tukuna, sannan ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan aka juya tsarin, wayar za ta kulle wa mai saye, ya dawo yana neman kalmar sirri, a ba shi, ya shiga hotuna da lambobin mutane. Yara su kuma san cewa goge hoto ba ya kawar da shi nan take: yawancin wayoyi suna ajiye shi a kwandon shara kwana 30, wani kwafin kuma yana nan cikin jakar abubuwan da aka tura ta WhatsApp. Su GBWhatsApp, wato kwaikwayon WhatsApp da ake turawa daga waya zuwa waya ta manhajar Xender, ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, babu wanda zai ce ga inda saƙonnin suke bi, kuma ana rufe lamba saboda su.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, wadda kunya ke sa a tsallake ta: hotunan tsiraici da barazanar watsa su. Abin yana farawa ne da hira ta makonni, da kyautar kiredi ko fas na intanet, sannan neman hoto. Wasu yaran suna dogara da tsarin nan na gani sau ɗaya, wanda hoto ke ɓacewa da an buɗe shi, sun manta cewa da wata wayar ake ɗaukar hoton fuskar wannan. Da hoto ya shiga hannu sai murya ta sauya: a turo kuɗi, ko ƙarin hoto, ko a zo wuri kaza, in ba haka ba a tura wa uba da gurup ɗin aji. Ba ƴan mata kaɗai ba ne. Samari ana kama su da asusun ƙarya mai hoton mace. Sana'a ce mai tsari, domin a watan Yuli na 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a maƙwabciyarmu Najeriya saboda wannan aiki.

Abin da ɗalibi zai haddace gajere ne. Kada ya biya, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada ya goge hirar, domin ita ce shaida. Ya ɗauki hoton fuskar waya inda lambar mutumin da rana da kalaman barazanar suka fito, sannan ya toshe shi, sannan ya faɗa wa babba a ranar. Ga ƴan ƙasa da shekara 18 akwai wata hanya ta kyauta mai suna Take It Down, ta cibiyar kare yara ta NCMEC da ke Amurka: hoton ba ya barin wayar yaron, wata alama ce ta lambobi ake cirewa daga gare shi, Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da ita wajen gano shi da sauke shi. Sai dai a faɗa wa yara gaskiya, ba ta aiki a cikin hirar WhatsApp, inda kuma a nan ne aka fi watsa irin wannan a garinmu.

Ranku ya daɗe, a nan ne makaranta da kanta take iya ƙara ɓarna. Malami ya ƙwace waya, ya ga hoton, ya nuna a ɗakin malamai, ya tura wa darakta don shaida, darakta ya tura wa sufeto. Kafin azahar kwafi ɗaya ya zama shida, duk da kyakkyawar niyya. Sai a kira yarinyar gaban kwamitin ladabtarwa, ko iyaye su cire ta daga makaranta su yi mata aure da gaggawa, wanda ya watsa kuwa yana zaune a benci. Duk yarinyar da ta ga haka ta koyi darasi ɗaya, cewa in ya same ta ta yi shiru ta biya. Muna roƙon takardar umarni daga ofishinku da za ta ce: malami ba ya kwafa ko tura irin wannan hoto ko ga shugabansa, a rubuce zai bayyana abin da ya faru, ba a korar wanda aka zalunta, kowace makaranta ta naɗa malama ɗaya da malami ɗaya da ɗalibai za su iya samu a keɓe, a sanar da sunayensu a kowane aji, su ne za su nemi wanda yaron ya fi amincewa da shi a gida, in da hali tare da wata uwa daga AME, ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, sannan a kai maganar kwamisariya ko jandarma.

Doka ma tana cikin darasin, domin ɗalibai da yawa suna ɗaukar tura saƙo wasa ne. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma dokar 2024-28 ta ranar 7 ga Yuni 2024 ta maido da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Watsa abin da zai tada hankalin jama'a ko ya keta mutuncin ɗan Adam kuwa shekara 2 zuwa 5 ne. Dokar ba ta tsaya ga wanda ya ƙirƙira ba, ta haɗa da wanda ya watsa, kuma ajiye hoton tsiraicin yaro a waya laifi ne da kansa. Ɗalibin lise da ya cika shekara 18 babba ne a gaban alƙali. Ko me mutum yake gani game da tsananin dokar, zalunci ne a bar yaro ya fara jin labarinta a ofishin ƴan sanda.

Mu manya ma a duba mu. Ƙasar tana da hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane, amma makarantu suna saka jerin sakamako da cikakken suna da ranar haihuwa da hoton ɗalibai a Facebook ba tare da izinin iyaye ba. Gurup ɗin aji yana nuna wa kowa lambar kowace yarinya. Gyaran mai sauƙi ne: a yi gurup da lambobin iyaye, masu kula da shi kaɗai ke rubutu, kuma malami ba ya hira ta sirri da ɗaliba da dare, duk abin da zai faɗa ya faɗa a gurup.

Sai labaran ƙarya. A nan da murya suke yawo, ba da rubutu ba, shi ya sa suke isa ga wanda bai iya karatu ba. Yaranmu sun san aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, abin da ya rage a nuna musu yadda ake binciken a waya. Malami ya kunna saƙon murya ɗaya da ya gama gari a makon, aji ya nemo: wa ke magana, ya faɗi sunansa? Wace rana, wane gari? «Jiya» da «wani ƙauye» ba amsa ba ne. An ji shi a Muryar Sahel ko wani gidan rediyon da aka sani? A nuna musu kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka tura sau da yawa. A ɗauki hoto guda a neme shi da Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, su ga da idonsu yadda hoton ambaliyar wata ƙasa na shekarun baya yake dawowa da sunan Mirya ko Magarya. Yanzu ana kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa da na'ura, don haka in murya mai kama da ta ɗan uwa ta nemi kuɗi, a kashe a kira lambar da aka sani.

Karanta adireshin shafi aikin allo ne zalla, minti ashirin. Malami ya rubuta adireshi shida, ɗalibai su nemo sanda mai karkata ta farko bayan sunan, su karanta abin da ke gabanta daga dama. Wanda ya ƙare da gouv.ne na gwamnati ne. Wanda ya sa kalmar gouv ko sunan kamfanin layi a farko amma ya ƙare da wani abu daban, tarko ne. Da wannan ake kama masu neman kyautar intanet, da tallafin karatu na ƙarya, da ɗaukar aiki mai neman hoton katin ɗan ƙasa. Duk shekara kuma in BEPC da BAC sun gabato sai masu sayar da tambayoyin jarrabawa su fito a gurup, ɗalibi ya yi asarar kuɗi da lokacin bita, in an kama shi da su kuma ya shiga wata masifar.

Lokaci da kuɗi fa? Awa takwas a shekara muke nema ga kowane aji, ɗaya a wata daga Oktoba zuwa Mayu, a cikin awannin tarbiyyar ɗan ƙasa. A CM1 da CM2 a tsaya ga abu uku: lambar sirri, baƙon da ke neman hira, da wanda za a faɗa wa. Maganar hotuna da doka ta fara daga kolej, a raba maza da mata a wannan zaman, malama ta zauna da ƴan mata. Kowane darasi takarda ɗaya gaba da baya ta isa malami. Horon malamai ba sai an kai kowa otal ba: a bi ta tarukan ƙara wa juna sani na CAPED a firamare da na malaman fanni ɗaya a sakandare, a kuma saka shi a makarantar horon malamai ta Askia Mohamed don sababbi su fito da shi. Ɗaliban Jami'ar André Salifou masu karatun kwamfuta za su iya taimakawa da aikin hannu. Malamai da yawa su kansu ba su kunna mataki biyun nan ba, da su za a fara.

A yi darasin da harshen da yaro zai iya faɗin abin da ke damunsa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, a Gure da Tanut da Tesker kuma a yi da Barbarci ko Buzanci ko Fulatanci ko Tubanci inda su yara ke ji. Abin da ke rubuce a fuskar waya kaɗai za a bari da Faransanci, tunda haka za su gan shi.

Mun san hanyoyin da irin wannan shiri yake mutuwa. Ɗaya shi ne bikin yini guda da tuta da riguna da jawabai, washegari an manta. Wani shi ne a mayar da shi shifta, yaro ya haddace ma'anar laifin intanet ya ci maki 18 cikin 20, da yamma ya karanta wa baƙo lambobi shida. Gwajin ya zama na aiki: ga saƙo, me za ka yi, ga waya, nuna inda ake cire na'urar da ba a sani ba. Na uku shi ne wa'azin tsoratarwa, cewa waya shaiɗan ce. Yaron da aka faɗa wa haka ba ya daina taɓa ta, ɓoyewa yake yi, alhali da wayar nan ƴan ajin jarrabawa suke sauke darussa, iyayensu suke jin farashin kasuwa. Kuma tsarin manhajoji yana sauyawa, takardar da aka rubuta bana sai an sake duba ta kafin komawa makaranta baɗi.

Yaran makarantun allo da islamiyya da waɗanda suka bar karatu suna riƙe da waya iri ɗaya. Idan takardun suna nan da Hausa, boko da ajami, malamansu za su iya amfani da su, gidajen rediyo na gari da na karkara su karanta su, fadar mai martaba Sarkin Damagaram da limaman Juma'a su taimaka wajen isar da su ga iyaye.

Muna roƙon takardar umarnin nan ta fita tun yanzu, domin ba ta buƙatar ko sefa ɗaya. Darussan kuma a gwada su shekara guda a makarantu goma, wasu a cikin birni, wasu a Mirya da Magarya da Matamai, har da inda babu wuta kuma rezo ke wahala, kafin a baza su ko'ina. A shirye muke mu zauna da masu ba malamai shawara na ofishinku mu rubuta takardun takwas ɗin, masu gyaran waya a cikinmu kuma za su kawo tsofaffin wayoyin da za a yi gwaji da su.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Daga wasu malamai, masu gyaran waya da iyayen ɗalibai na birnin Damagaram.